Sunan Dutsen Everest a Bakin Turawa

Ina koyar da Turanci a wata makaranta a Agege, cikin Ikko, kuma yawancin yaran ajina 'ya'yan Hausawa ne, jikokin fataken goro waɗanda suka daɗe da zama a Zango. Ran nan na rubuta musu wata jimla a allo, na ce su juya ta da Hausa. Jimlar ita ce, "This examination is my Everest." Wani yaro mai kaifin kai ya miƙe ya ce, ma'anarta za a yi jarrabawar nan a bisa wani dutse. Sauran suka yarda da shi. Ban ga laifinsu ba, gama iyakar abin da muka koya musu a darasin labarin ƙasa shi ne Everest dutse ne. To, ga shi kuwa irin wannan jimla ta kan fito a jarrabawa, yaro ya san kowace kalma amma ya faɗi. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuto wa 'yan'uwana na kwaleji abin da na sani game da sunan nan, ko ya amfane ku ran da kuka tsaya gaban aji.

Dutsen yana cikin duwatsun Himalaya, a kan iyakar Nepal da Tibet. Ba wanda ya kai shi tsawo duk duniya. Awon da Nepal da Sin suka sanar a 2020 ya ba shi mita 8,849, watau ya ninka Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, fiye da sau uku. Mutanen Tibet suna ce da shi Chomolungma, na Nepal kuwa Sagarmatha. Shi Everest sunan mutum ne, wani Bature George Everest, wanda ya shugabanci aikin safiyo a Indiya daga 1830 zuwa 1843. Magajinsa Andrew Waugh ne ya nemi a sa wa dutsen sunan maigidansa, aka tabbatar a 1865. Abin dariya, mai sunan da kansa bai so ba, kuma ko faɗin sunan ma an sāke: shi "Ibrist" ya ke kiran kansa, duniya kuwa ta koma "Ebarest".

In ana nufin dutsen kansa, ana cewa "Mount Everest" ko "Everest" kawai, a rubuce kuma a kan taƙaita a sa "Mt." Nan yarana su kan yi tuntuɓe biyu. Na ɗaya, su ce "Mountain Everest". Kalmar da ta ke gabatar suna ita ce gajeruwar, kamar a "Mount Kilimanjaro" da "Mount Cameroon". Na biyu, su ƙara "the", domin sun saba da "the Niger". Kogi ya kan ɗauki "the", jerin duwatsu ma haka, kamar "the Himalayas", amma dutse guda ba ya ɗauka. Akwai 'yan kaɗan da suka kauce wa ƙa'idar, irin su "the Matterhorn" a Turai, sai dai ban ga amfanin wahalar da yara ƙanana da su ba.

Ɗaya amfanin kuwa, wanda ya ka da yarona, shi ne na kamance. Turawa sun yi shekaru talatin da wani abu suna fama da dutsen nan, waɗansu har suka rasa rayukansu. Sai ran 29 ga Mayu 1953 Edmund Hillary na New Zealand da Tenzing Norgay suka taka ƙololuwarsa, labarin kuma ya bazu a Ingila ran 2 ga Yuni, ranar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth. Ba mamaki sunan ya zauna musu a baki. In Bature ya ce abu kaza "my Everest" ne, yana nufin shi ne aiki mafi wuya da ya taɓa sa wa gaba. In ya ce "an Everest of debt", yana nufin bashi ya taru ya yi tsibi. Ku lura, a nan sunan ya kan ɗauki "an" ko "my", abin da ba ya yi sa'ad da a ke maganar dutsen, amma babban baƙinsa na farko yana nan ba ya canzawa.

Na yi ta bayani haka, na ga idanun yaran ba su nuna sun gane ba. Da dare ina tunani sai Dala ta faɗo mini a rai. Ashe mu ma mun yi abin nan tun tuni! A tarihin Kano an ce Dala sunan mutum ne, kakan Barbushe, wanda ya zauna a dutsen har aka riƙa kiran dutsen da sunansa. Da aka zo zamanin cinikin gyaɗa, aka riƙa jera buhuna a Kano suna tashi sama, sai mutane suka ce dalar gyaɗa. Mutum ya ba dutse suna, dutse ya ba tarin kaya. Hanyar da Everest ya bi ke nan sak. Bambancin ɗaya ne: mu tsibin kawai muka ɗauka, su kuwa suka haɗa da wahalar hawa.

Amma fa yaran Agege ba su taɓa ganin Dala ba, dalar gyaɗa kuma ta ɓace tun kafin a haifi iyayen waɗansunsu. Saboda haka na aike su gida, na ce kowa ya tambayi tsohon gidansu mece ce dalar gyaɗa. Kashegari suka dawo da labari ya fi wanda na nema, har wata yarinya ta ce kakanta ya yi dako a gindinta. Na sāke rubuta jimlar a allo. Yaron nan na farko ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, watau jarrabawar ce ta tsaya masa a gaba kamar dutse." Na ce ya yi ta kansa da Turanci. Ya dubi littattafan aji da ke jibge a teburina ban gyara ba, ya ce, "Malam has an Everest of books to mark."