Gishirin Damina da Sigarin Lantarki

Duk macen da ta taɓa barin gishiri a buɗe cikin damina ta san abin da ke biyo baya. Ba wanda ya zuba masa ruwa, amma da safe sai ta tarar ya jiƙe ya dunƙule. Gishirin ne da kansa ya zuƙo laimar da ke cikin iska.

Irin wannan hali ne da ruwan da ake ɗurawa a sigarin lantarki, wanda wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro a 2003. Mafi yawan ruwan nan sinadarai biyu ne, furofilin gilaikol da gilisarin, sai nikotin da kayan ƙamshi. Sinadarai biyun farko duka masu jan laima ne. Batir yana zafafa wata 'yar waya, ruwan ya zama farin hayaƙi, mai sha ya zuƙa. Da yake abin ya yi kama da tururin tukunya, yaranmu suna ɗauka ruwa ne kawai, har wani ya ce maka ai yana jiƙa maƙoshi. Ina! Laimar da ta fi kusa da shi ita yake ja, wato ta harshe da dadashi da maƙogwaro.

Shi ya sa bushewar baki da ƙaiƙayin maƙogwaro suke cikin abubuwan da masu sha suka fi kuka da su. Kuma yawu ba abin rainawa ba ne. Bakin baligi yana samar da kusan lita 1 a rana, shi ke wanke ragowar abinci, shi ke rage kaifin tsamin da ke cin haƙori. Idan ya yi ƙaranci sai baki ya fara wari, haƙora su fara ruɓewa.

Abin da ya fi damuna shi ne saurayin da ke zuƙa a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, gumi ya riga ya kwashe rabonsa. Kai na sarawa, fitsari ya yi ja, shi kuwa ya ce gajiya ce. In ƙishin ya matsa sai ya sayi lemon kwalba mai sanyi, ya zuba sukari a kan haƙoran da ba su da yawun kare kansu. Ruwa zalla yakan sassauta bushewar, amma kafin maƙogwaro ya huta nikotin ya sake kai hannunsa aljihu.