Tafiya da Keken Burji a Kwaruruka da Tuddan Farar Ƙasa na Kudancin Faransa

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa keke abin sufuri ne, da shi ake zuwa gona da kasuwa da makaranta. A wasu ƙasashen kuwa, ban da sufuri, an mayar da hawan keke wasan motsa jiki da hanyar yawon buɗe ido. Wannan babi zai yi bayani a kan wani nau'in hawan keke da ake yi a hanyoyin karkara waɗanda ba a shimfiɗa musu kwalta ba. Za a ɗauki yankin Quercy na kudu maso yammacin Faransa a matsayin misali, domin a ga yadda yanayin ƙasa yake tsara wa matafiyi hanyarsa da guzurinsa.

2.0 Ma'anar Keken Burji

Bahaushe yana kiran hanyar da aka zuba wa tsakuwa ko marmara aka daddaɓe, ba tare da kwalta ba, da sunan burji. Daga nan aka samo sunan "keken burji" da za a yi amfani da shi a wannan babi. Keke ne da ke tsakanin keken tsere da keken hawan duwatsu. Kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa kamar na keken tsere, amma tayoyinsa sun fi faɗi. Faɗin tayar keken tsere yakan kama daga milimita 25 zuwa 30, na keken burji kuwa daga 38 zuwa 50. Faffaɗar taya ba ta bukatar a cika ta da iska tam, saboda haka tana kama ƙasa sosai, tana kuma rage jijjiga. Yawancin waɗannan tayoyi ba su da tif a ciki, sai wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙananan huji tun kafin iska ta fice.

Wasan ya bunƙasa ne a Amurka. A shekarar 2006 aka fara tseren mil 200, wato kimanin kilomita 320, a garin Emporia na jihar Kansas, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan nau'i a Italiya.

3.0 Yadda Ƙasar Quercy Take

Dutsen farar ƙasa shi ne irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a jihar Gombe, da Malbaza a Nijar, domin yin siminti. A Quercy wannan dutse ya shimfiɗu ya zama tuddai masu faffaɗan kai, waɗanda Faransawa ke kira "causse". Manyansu uku ne: na Martel a arewa, na Gramat a tsakiya, na Limogne a kudu. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa dutsen ya taru ne a ƙarƙashin teku kimanin shekaru miliyan 150 da suka wuce.

Abin da ya bambanta wannan dutse da sauran duwatsu shi ne ruwan sama yana narkar da shi. Ruwan yakan haɗu da iskar kabon ta sararin sama da ta cikin ƙasa, ya yi ɗan tsami, sannan ya bi tsagogin dutsen yana cin su sannu a hankali. Bayan dubban shekaru tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo. Sakamakon haka ruwa ba ya zama a saman tudu, duk nutsewa yake yi ya riƙa gudu a ƙarƙashin ƙasa. Ramin Padirac da ke tudun Gramat misali ne: zurfinsa mita 75, kuma a mita 103 ƙarƙashin ƙasa akwai kogi mai gudana, wanda Édouard-Alfred Martel ya fara bincikawa a 1889.

Manyan koguna irin su Dordogne da Lot da Célé sun yanka dutsen sun yi wa kansu kwari mai zurfi. Saboda haka ƙasar ta kasu gida biyu. A kwari akwai ruwa da inuwa da gonaki da garuruwa. A tudu kuwa sai ƙeƙasasshiyar ciyawa da gajerun itatuwa da garkunan tumaki. An mayar da yankin gandun da ake kiyayewa a 1999, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihin ƙasa na duniya.

4.0 Misalin Hanya: Daga Figeac Zuwa Cahors

Matafiyi yakan tashi daga garin Figeac ya bi kwarin Célé ya nufi yamma. Wannan kashi mai sauƙi ne, domin hanya tana bin gangaren ruwa, ga ƙauyuka a jere irin su Marcilhac da Cabrerets. A saman Cabrerets akwai kogon Pech Merle, inda a 1922 aka gano zane-zanen dawaki da tafukan hannu na mutanen da suka rayu dubban shekaru kafin a san rubutu.

Kusa da Bouziès kogin Célé yake zuba cikin Lot. A nan akwai wata hanya da aka sassaƙa a jikin dutse a tsakiyar ƙarni na 19, tsawonta kusan kilomita ɗaya, domin masu jan jiragen ruwan dakon kaya. Zuwan jirgin ƙasa ya kashe wannan sana'a, hanyar ta koma ta masu yawo. Saboda ƙuncinta, hankali shi ne mai keke ya sauka ya tura. Tana kaiwa gindin ƙauyen Saint-Cirq-Lapopie, wanda ke bisa dutse kimanin mita 100 a saman kogi.

Daga nan ake hawa tudun Limogne, kuma nan ne ƙarfin mahayi yake bayyana. Hawan ba shi da tsawo sosai, amma yana da tsauri, dole a sauke keke zuwa ƙaramar giya. A saman tudu hanyoyin farare ne fat, an kange su da katangun dutse da aka jera ba tare da laka ko siminti ba, ga ƙananan bukkokin dutse na makiyaya nan da can. Daga bisani a gangaro Cahors, a tsallaka gadar Valentré mai hasumiya uku, wadda aka fara ginawa a 1308.

5.0 Matsaloli da Shirin Tafiya

Babbar matsala ita ce ruwa. Mutum zai iya shafe awoyi a tudu bai ga rafi ko rijiya ba, alhali kogi yana gudu a ƙarƙashin ƙafarsa. 'Yan kududdufan da mutanen dā suka sassaƙa a dutse na shayar da dabbobi ne. Don haka a kwari ake cika gora, tun kafin a fara hawa. Da ma an ce da sanyin safiya ake kama fara: a watannin Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 35, shi ya sa aka fi son tafiya daga Afrilu zuwa Yuni, ko a Satumba da Oktoba.

Matsala ta biyu ita ce dutsen kansa. Tsakuwarsa tana da kaifi, tana yanka gefen taya, kuma idan ruwa ya jiƙa shi yakan yi santsi, musamman a gangara. Wajibi ne a tanadi hular kwano da famfo da kayan faci, a kuma duba birki kafin kowace gangara.

Ta uku ta shafi zama da mutanen wurin. Hanyoyin nan na manoma da makiyaya ne tun kafin masu keke su san su. Wanda ya buɗe ƙyauren shinge ya tafi bai rufe ba, ko ya kutsa cikin garke a guje, ya jawo wa makiyayi asara. Haka kuma sharar da aka jefa a rami tana iya gurɓata ruwan da mutanen kwari ke sha, domin wannan dutse ba ya tace ruwa yadda yashi yake yi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa narkewar dutsen farar ƙasa ita ta raba Quercy zuwa kwari mai ruwa da tudu maras ruwa, kuma wannan rabuwa ita ke nuna wa mai keke inda zai yi guzuri, da inda zai sha wuya, da lokacin da ya dace ya tashi. Malamin da zai koyar da irin wannan darasi ya fara da abin da ɗalibansa suka sani, kamar burji da fadama da tudu, kafin ya kai su ga abin da ba su taɓa gani ba.

Aikin Ɗalibi

1. Bayyana dalilin da ya sa ruwa ba ya zama a saman tudun farar ƙasa.
2. Kawo bambanci biyu tsakanin keken burji da keken tsere.
3. Kawo sunayen sassan keke guda goma da Hausa, ka ware na aro daga na asali.
4. Rubuta bayanin wata hanyar burji ta yankinku, ka nuna inda matafiyi zai sami ruwa da inda zai yi hattara.