Alƙahira da Riyad: Labarin Jiragen Fito Biyu Masu Sauri a Bahar Maliya

Daga cikin jiragen fito da aka sanya kai da komowa tsakanin gaɓar Afirka da gaɓar ƙasar Larabawa a wannan zamani, akwai guda biyu waɗanda labarinsu ya cancanci mai hankali ya tsaya a kansa, domin kuwa wata babbar musiba ce ta zama sababin ƙera su. Sunan ɗaya Alƙahira, ɗayan kuma Riyad, aikinsu shi ne ɗaukar mutane da motocinsu tsakanin tashar Duba ta ƙasar Saudiyya da tashoshin Masar, musamman Safaga.

Wannan teku ba baƙo ba ne ga Hausawa, ko da waɗanda ke zaune nesa da ruwa kamar mu mutanen Damargu. Kafin jirgin sama ya sauƙaƙa al'amari, duk wanda ya ƙulla niyyar hajji daga Tanut ko ƙauyukan Tarka, bayan ya biya basussukansa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, sai ya gangara Damagaram ya bi ayari gabas, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, yana tsayawa ya yi ƙwadago ko dako domin ya sami guzuri, har shekaru su shuɗe kafin ya ga Sawakin. Wasu ma ajali ko iyali kan tsayar da su a hanya, abin da ya sa har yau ake samun zuriyarsu a Sudan, kamar a garin Mai Wurno da aka kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda Allah ya kai shi Sawakin kuwa, sauran tsoro ɗaya ya rage masa, wato shiga sambuƙ, jirgin katako mai tafiya da iska, a ƙetara da shi zuwa Jidda. Ba banza ba malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya suka lissafta amincin hanya, a tudu da a ruwa, cikin sharuɗɗan da ke wajabta hajji a kan mutum.

Da aka shiga zamanin injuna, sai jiragen ƙarfe suka gaji sambuƙ, amma da yawa daga cikinsu tsofaffi ne waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a tekunan Turai, aka sayo su da araha aka sake musu suna da fenti. A watan Disamba na 1991 wani mai suna Salem Express, yana komowa daga Jidda da masu ibada, ya daki dutsen ƙarƙashin ruwa kusa da Safaga, mutane fiye da 450 suka halaka. Ba a daddara ba, sai da daren 2 ga Fabrairu na 2006 ya zo, lokacin da jirgin al-Salam Boccaccio 98, wanda aka ƙera a Italiya tun 1970 kuma daga baya aka ƙara masa benaye domin ya ƙara ɗaukar jama'a, ya tashi daga Duba da mutum wajen 1,400. Wuta ta kama a zauren da ake jera motoci, ma'aikata suka yi ta kwarara mata ruwa, magudanan da ya kamata su fitar da ruwan suka toshe, shugaban jirgin kuma ya ci gaba da nufin Masar maimakon ya juya Duba da ta fi kusa. Kafin asuba jirgin ya kife, mutum fiye da 1,000 suka riga mu gidan gaskiya.

Ya kamata a fahimci yadda ruwan kashe gobara ya zama ajalin jirgi, domin a nan ne illar irin wannan gini take. Zauren motoci fili ne guda, daga goshin jirgi har ƙeyarsa, babu bangon da ya raba shi, saboda motoci su shiga su fita ba wahala. Duk yarinyar da ta taɓa ɗaukar ruwa a faffaɗan faranti ta san abin da ke faruwa: da zarar hannu ya ɗan karkata, ruwan gaba ɗaya ya garzaya gefe guda, ya ƙara rinjayar farantin, alhali kuwa da a tulu yake da bai motsa ba. Haka ruwan ya taru a gefen daman jirgin, yana ƙaruwa jirgin yana ƙara kwantawa, har ya kai haddin da babu komowa. Mai jirgin, Mamduh Isma'il, kotu ta sallame shi a 2008, sa'an nan kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa ɗaurin shekara 7 a 2009 ba ya ƙasar.

Bayan wannan waƙi'a ne hukumar Saudiyya, a zamanin Sarki Abdullahi ɗan Abdul'aziz, ta ba kamfanin Austal, wanda ke da maƙera a Henderson ta yammacin Ostireliya, aikin ƙera jirage huɗu masu sauri, ta kuma yi kyautar manyan biyun ga Masar. Tsawon kowannensu mita 88, yana ɗaukar fasinja wajen 1,200 da ƙananan motoci 120 da manyan motoci 15, gudunsa kuma ya kusa kilomita 70 a awa. Suka kama aiki a 2009, sai ga tazarar nan ta kimanin kilomita 185, wadda tsofaffin jirage kan kwana a cikinta awa takwas ko fiye, ta koma tafiyar awa uku.

Sirrin wannan sauri yana cikin abu uku. Na farko, jirgin ba ciki ɗaya gare shi ba, siraran gangar jiki biyu ne a jere, aka shimfiɗa benayen motoci da na fasinja a bisansu, saboda haka yana tsaga ruwa da sauƙi kuma faɗinsa yana tsare shi daga kifewa. Na biyu, da alminiyam aka gina shi, wanda nauyinsa kimanin sulusin na ƙarfe ne. Na uku, ba shi da farfela a waje. Injunan dizal huɗu ne na kamfanin MTU na Jamus, kowanne yana juya famfo mai zuƙo ruwa ta ƙarƙashin jirgi ya feso shi ta baya da ƙarfi na ban mamaki, matuƙi kuma idan yana son juyawa sai ya karkata bakin bututun, idan yana son tsayawa ya sauke wani murfi da ke mayar da feshin gaba.

Wanda ya tsaya a tashar Duba lokacin hutun makarantu ko dab da salla zai ga waɗanda aka yi jiragen dominsu: malaman makaranta da magina da direbobi 'yan kudancin Masar, mutanen Ƙina da Sohaj, waɗanda suka shekara suna aiki a Saudiyya ko Kuwait, motocinsu a jere, an ɗaure firji da barguna da akwatuna a bisa rufi har tayoyin baya sun lanƙwashe, ga kuma masu komowa daga umra, tsofaffi riƙe da jarkokin zamzam. Talakawa ne waɗanda kuɗin jirgin sama da na kaya ya fi ƙarfinsu, kuma irinsu ne suka cika jirgin da ya nutse a 2006. Ƙananan jiragen biyu, Jazan da Farasan, masu tsawon mita 69, su Saudiyya ta riƙe, tana ƙetarar da mutane kyauta tsakanin birnin Jazan da tsibiran Farasan.

Sai dai kowace ni'ima da nata haƙƙi. Jirgi mai sauri mashayin mai ne ƙwarai, injunansa suna bukatar kayan gyara daga nesa da gwanayen da suka san su, walda a jikin alminiyam kuma sana'a ce ta musamman, ga shi wuta tana raunana shi da wuri fiye da ƙarfe. Idan iskar arewa ta taso igiyar ruwa ta yi tsawo, wajibi ne ya zauna a tasha, fasinja su yi haƙuri ko da za su kwana a bakin ruwa. Domin haka ne hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓance wa irin waɗannan jirage dokoki nasu tun 1994, ta sabunta su a 2000, inda ta ƙayyade nisan da za su yi daga mafaka da yanayin da ba za su fita a cikinsa ba. A 2020 kuma annobar korona ta sa Saudiyya ta rufe iyakokinta, jigilar fasinja ta tsaya a wannan hanya kamar sauran hanyoyi, har aka sami sauƙi.

Abin da nake so 'yan'uwana su ɗauka a cikin wannan tarihi shi ne, teku bai canja hali ba tsakanin 2006 da 2009; abin da ya canja shi ne an kawo abin hawa sabo, mai adadi sananne da ba a ƙetare shi, mai dokar da ke hana shi tashi idan yanayi ya ɓaci. Mu ma muna da tamu hanya mai cin rai, wadda ta taso daga Damagaram ta ratsa Tanut ta nufi Agadas da Arlit, kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92, mafi yawansu mata da yara daga kudancin jiharmu ta Damagaram, waɗanda ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Mun yi imani da ƙaddara, amma shari'a ba ta taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba, kuma ran fasinja amana ce a wuyan mai mota da direba da kamashon tasha da jami'in da ke tsaye a shinge. Lalle ne a ƙidaya mutane kafin a tashi, a duba taya da inji, a tabbatar da ruwan sha ya isa ko da tafiya ta ninka kwanakinta, a kuma girmama direban da ya ce yau ba zai tashi ba. Fasinja ma yana da nasa rabo na wajibi: idan ya ga lodi ya wuce kima, ya sauko ya jira ta gobe, ya kuma gaya wa na kusa da shi dalilinsa.