Tambarin NFC da Yadda Yake Magana da Wayar Hannu

Abin da ake kira tambarin NFC wata 'yar takarda ce mai gam a bayanta, wadda faɗinta bai wuce na kwabo ba. A cikinta an naɗe siririyar waya kamar gammo, an haɗa ta da wani ɗan ƙanƙanen ma'aji. Kamfanonin Sony da Philips ne suka haɗa kai a kan wannan fasaha a shekarar 2002.

Abin mamaki shi ne tambarin ba shi da batir. Idan aka kusanto da wayar hannu gare shi, misalin santimita 4, ƙarfin maganaɗisun da wayar ke fitarwa sai ya ratsa gammon nan ya zama 'yar wutar lantarki. Nan take ma'ajin ya farka, ya miƙa abin da aka ba shi ajiya. Da an janye wayar kuwa sai ya koma barci. Wato dai da bazar wayar yake rawa.

Cikinsa ba shi da yawa. Irin wanda ake kira NTAG213 bayit 144 kurum yake ɗauka, amma ya isa a rubuta adireshin intanet, mai shago ya manna a ƙofa domin masu saye.

To, amma fa tambarin da ba a kulle ba, duk mai waya yana iya goge rubutunsa ya sa nasa, har ɗan damfara ya karkatar da mutane zuwa shafin da zai yashe su. Kullewar kuma ba ta warwaruwa, saboda haka sai a duba rubutun da kyau kafin a kulle.