Ko Kun Sani? A Gudun Hijira Bombino Ya Koyi Gita

Bombino, mawaƙin Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy, a gudun hijira ya fara kaɗa gita. Da tawayen Abzinawa ya ɓarke a 1990, bayan kashe-kashen Tchintabaraden a jihar Tahoua, danginsa suka tsere Aljeriya yana ɗan shekara 10. Tawayen 2007 ya sake korarsa, wannan karon zuwa Burkina Faso. Wani zai ce wahala ce ta mai da shi gwani. Ai yaƙi hallaka gwanaye yake yi, don abokan kiɗansa biyu an kashe su. Abin da ya taimake shi mafaka ce, da gitar da 'yan'uwa suka bari a gida. Yaran 'yan gudun hijirar da ke zaune a Bangui, a yankin Madaoua na Nijar, su ma irin wannan damar suke buƙata.