Siffar Irin Kwakwar Manja da Yadda Yake Tsirowa

Kwakwar manja itaciya ce ta kurmin Afirka ta Yamma, wadda masana tsirrai ke kira Elaeis guineensis tun 1763. Ɗan kwakwa yana da sassa huɗu, watau fatar waje, da tsoka mai ba da manja, da ɓawo mai tauri, da ƙwara wadda ake samun man alayyadi daga cikinta. Ɓawon nan da ƙwarar cikinsa su ne iri. A kan ɓawon akwai ƙofofi uku ƙanana, ta ɗayansu tsiro ke fitowa.

Ta kaurin ɓawo ake rarrabe kwakwa kashi uku. Dura tana da ɓawo mai kauri, milimita 2 zuwa 8, tsokarta kaɗan. Pisifera ba ta da ɓawo ko kaɗan, 'ya'yanta kuwa galibi lalacewa suke yi kafin su nuna. Tenera ɓawonta siriri ne, tsokarta mai yawa, saboda haka ta fi ba da mai. A 1941 Beirnaert da Vanderweyen, masu bincike a Yangambi ta ƙasar Kwango, suka nuna cewa tenera barbarar dura ce da pisifera.

Irin kwakwa yana da nawar tsiro ƙwarai. In an bar shi a ƙasa haka kawai, yakan yi watanni da yawa bai motsa ba, wanda ya fito ma bi-da-bi zai fito. Binciken da aka yi a tashar kwakwa ta kusa da Binin, wadda ta zama NIFOR a 1964, ya tabbatar cewa zafi ke tashe shi. Akan ajiye irin a ɗaki mai zafin digiri 39 zuwa 40 kwana 60 zuwa 80, sa'an nan a jiƙa shi, a mayar da shi inuwa. Cikin 'yan makonni sai saiwa da toho su ɓullo, ƙwarar tana ciyar da su har ganye ya buɗe.

Abin lura shi ne, ingantaccen iri ɓawonsa mai kauri ne, gama uwarsa dura ce, amma itaciyar da zai haifa tenera ce. Manomin da ya tsinci iri a gindin tenera ya shuka, kusan rubu'in itatuwansa pisifera za su zama, rubu'i kuma dura. Ba zai gane hasarar ba sai bayan shekara uku ko huɗu, sa'ad da suka fara 'ya'ya.