Fatawar Mirrihu da Saƙon da ke Yawo a Yola

Tun makon jiya wani saƙo yake yawo a WhatsApp tsakanin iyayen yara a Yola Gari, har ya kai Jimeta, ni kaina kuma sau uku yana iso mini, na ƙarshe daga hannun yayata, wadda ba na kokwanton tsoron Allahnta. Mafarinsa kuwa shi ne wani malamin kimiyya a wata sakandare ya karantar da ɗalibansa labarin na'urorin da ake aikawa Mirrihu, jan tauraron nan da Turawa ke kira Mars.

Biyu daga da'awoyin saƙon ba su cancanci dogon bayani ba. Batun Mirrihu zai kai girman wata a daren 27 ga Agusta tsohuwar ƙarya ce da ake tayarwa tun 2003. Batun mutane sun gina gidaje a can shi ma ƙarya ne, domin har yau ɗan Adam bai taka ƙasarsa ba, sai na'urori irin su Curiosity ta Amurka da ta sauka a 2012 da Zhurong ta Sin a 2021.

Ta ukun ce ta hana ni barci, wai malaman Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun yi fatawa sun haramta sha'anin Mirrihu ɗungurungum, saboda haka a janye yara daga wannan darasi. Fatawar dai an yi ta, a watan Fabrairu na 2014, amma wanda ya rubuta saƙon ya datse mata kai da gindi, ko da gangan ko don jahilci, ko wanne ne kuwa laifi ne a kan mai magana da sunan addini. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Mars One ne ya nemi mutanen da za su tafi Mirrihu ba da niyyar dawowa ba, sai malaman suka ce wannan jefa rai ne cikin halaka. Illar hukuncin, wato dalilinsa, kamar yadda malaman usulu ke faɗa, ita ce salwantar da rai, na'urar ƙarfe kuwa ba ta da ran da za a salwantar, balle yaron da ke zaune a aji yana sauraron labarinta. Kamfanin ma ya karye a 2019.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ƙasar da aka yi fatawar, ita da kanta ta harba kumbonta mai suna Al-Amal daga Japan a Yuli na 2020, ya shiga kewayen Mirrihu ranar 9 ga Fabrairu 2021 yana nazarin iskarsa, kuma mace, Sarah al-Amiri, ita ta jagoranci masanan aikin.

Ba na zargin uwar da ta tsorata, domin kishin imanin ɗa abin yabo ne. Sai dai mu da muka karɓi 'yan'uwanmu na Mubi da suka yi gudun hijira a 2014 mun san inda ƙyamar ilmi take kai al'umma, kuma magabatanmu sun karanta ilmin falaki don sanin alƙibla da lokutan salla. Ya ku iyaye, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai wa malamin unguwarsa matanin fatawar cikakke ya tambaye shi, amma ku mayar da yaranku ajin nan ranar Litinin.